Abin da Randa Za Ta Koya wa 'Ya'yanka

To, 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan yara ce, da irin tambayoyin nan da su kan dame mu da su. Kai mai gida, ka dawo daga gona ko kasuwa a gajiye, ka zauna a zaure kana shan iska, sai ɗanka ya zo ya tsugunna a gabanka ya ce, "Baba, me ya sa ruwan randa ya ke da sanyi, na bokiti kuwa ya yi ɗumi? Ba daga rijiya ɗaya aka jawo su ba?" Yawancinmu amsa guda gare mu: "Haka muka tarar. Tashi ka ba mutane wuri." Yaro ya tashi. In aka kore shi sau biyu ko sau uku, ya daina tambaya ke nan, mu kuwa mu ce ya yi hankali. Alhali kuwa hasara aka yi, gama matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ka iya karatu, ka iya rubuta lamba. Wannan ya isa ka zama malamin 'ya'yanka a kan sha'anin zafi da iska da ruwan sama. Kayan aikin duk suna cikin gidanka: ƙwarya, da kwalba, da gwangwani, da tsumma, da leda, da ɗan gishiri. Dabarar kuwa guda ce tak, ita ce masana su ke bi a manyan makarantun duniya. Ka sami abu biyu masu kama da juna ta ko wace fuska, ka sake abu guda ga ɗayansu, ka bar ɗayan yadda ya ke, sa'an nan ku zuba ido. Duk bambancin da ya fito, abin nan guda da ka sake shi ya kawo shi. Wannan shi a ke kira gwaji. Amma ka kiyaye, kada ka faɗa wa yaro amsa tun da fari. Tambaye shi abin da ya ke tsammani zai faru, ka rubuta maganarsa a takarda, kana ku gwada. In ya canka daidai ya ji daɗi. In bai canka ba ya fi riƙe abin, don yaro ba ya manta ranar da idonsa ya ƙaryata bakinsa.

Ku fara da hannu. Ka jera ƙwarya uku. A ta dama ka zuba ruwan ɗumi, irin wanda a ke yi wa jariri wanka da shi, ba mai ƙuna ba. A ta hagu ka zuba ruwan randa, in da ƙanƙara ka jefa ciki. A ta tsakiya ka gauraya biyun. Yaro ya tsoma hannun dama a ta dama, na hagu a ta hagu, ya ƙirga sittin a hankali, sa'an nan ya cire ya tsoma su duka biyu a ƙwaryar tsakiya. Za ka ga ya zaro ido. Hannu ɗaya yana ce masa sanyi, ɗaya yana ce masa ɗumi, ga shi kuwa ruwa ɗaya ne. Ashe fata ba ta auna zafi. Abin da ta ke ji kawai shi ne, zafi yana shigowa jiki ko yana fita. Don haka ne aka ƙago ma'aunin zafi. Lissafin da mu ke amfani da shi a ƙasashenmu ya ci sunan wani masani mutumin ƙasar Suwidin, Anders Celsius, wanda ya fara tsara shi a 1742. Bisa wannan lissafi ruwa ya kan daskare a digiri 0, ya tafasa a digiri 100, jikin mai lafiya kuwa wajen digiri 37 ne. In kana da hali ka sayi ma'auni irin na ratayewa a bango, ba irin na duba zazzaɓi ba. In babu, hannu ya isa, muddin da hannu guda za a taɓa abu biyun da a ke gwadawa.

Da sassafe cikin hunturu ka aiki yaro ya taɓa ƙarfen fartanya, sa'an nan ya taɓa ƙotarta. Zai ce ƙarfen ya fi sanyi. To, yaya haka, ga shi wuri ɗaya suka kwana, sanyi ɗaya ya buge su? In ka auna za ka tarar daidai su ke. Ƙarfe hanya ce mai faɗi ga zafi, da an taɓa shi sai ya janye ɗumin hannu nan da nan. Itace kuwa hanya ce mai ƙunci. Kuna iya ganin wannan da ido. Ka tsai da cokalin ƙarfe da na itace cikin kofi, ka manna ɗan man shanu a wutsiyar ko wanne, ka liƙa ƙwayar gero a jikin man. Kai da kanka ka zuba ruwan zafi a kofin, yara su tsaya nesa kaɗan. Ba da jimawa ba man da ke kan ƙarfe ya narke, gero ya faɗi, na itacen yana nan daram. Daga nan yaro ya san dalilin da ya sa uwarsa ke tuƙa tuwo da muciya ta itace, ya kuma san abin da ya sa ɗakin kwano marar silin ya ke zama kamar tanderu da rana, ya huce da dare, soro mai kaurin bango kuwa ya riƙe sanyin dare har azahar.

Launi kuma yana da nasa aiki. Ka sami gwangwanin madara biyu, ɗaya ka shafe shi da baƙin tukunya, ɗaya ka naɗe shi da farar takarda. Ruwa daidai wa daida, ka rufe bakinsu, ka ajiye a rana tun hantsi. Kafin azahar ruwan baƙin ya fi zafi, domin baƙi yana shanye hasken rana ya mai da shi zafi, fari kuwa yana mai da yawancinsa baya. Wani masani na Amurka, Benjamin Franklin, ya ba da labarin irin wannan gwaji a cikin wata wasiƙa. Ya shimfiɗa ƙyallaye masu launi iri iri a kan dusar ƙanƙara da rana, baƙin ya fi nutsewa, farin ko gezau. In ɗanka mai kaifin hankali ne, zai ce maka, "To, me ya sa Buzaye ke sa baƙin kaya a hamada?" Kada ka tsawata masa, tambaya ce ta gaske, har masana sun bincika ta ga Larabawan ƙauye, suka bayyana abin da suka samu a 1980. Suka tarar baƙar riga ta fi ɗaukar zafi lalle, amma da ya ke mai yalwa ce, iska tana ratsawa tsakaninta da jiki ta fid da zafin kafin ya kai ga fata. Rufin kwano ba shi da wannan dabara. Shi ya sa shafa masa farin fenti ya ke rage zafin ɗaki.

Yanzu mu komo ga randa, ita ce babbar magana. Ka ce yaro ya jiƙa bayan hannunsa ɗaya, ya bar ɗayan a bushe, ya hura musu iska duka biyu. Jiƙaƙƙen ne zai ji sanyi, ko da da ruwan ɗumi ya jiƙa shi. Ga dalili. Ruwa in zai bushe, ba ɓacewa ya ke yi ba, tururi ya ke zama, irin wanda ido ba ya gani, ya shiga iska. Ba ya kuwa iya zama tururi sai ya sami zafi, zafin nan kuma daga abin da ya ke manne da shi ya ke ɗauka. Ba ɗan kaɗan ya ke ɗauka ba. Zafin da kofi guda na ruwa zai ci kafin ya bushe ƙaf ya fi ninki biyar na zafin da zai kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Randa kuwa ta yumɓu ce, jikinta cike ya ke da ƙananan ƙofofi. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu ya jiƙa bayanta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin ruwan da ke ciki. Bokitin roba ba shi da ƙofofin nan, sabo da haka ba ya gumi, ba ya sanyaya kome. Salkar matafiya ma da wannan hali ta ke aiki.

Kada ka tsaya ga faɗa, ku gwada. Ku cika kwalba biyu da ruwa ɗaya, ku naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ɗayar da busasshe, ku rataye su a inuwa inda iska ke wucewa. Yaro ya riƙa yayyafa wa jiƙaƙƙen ruwa kada ya bushe. Bayan awa biyu ku kurɓa. Sa'an nan ga abin da na fi so ka yi: ku rubuta abin da kuka samu a watan Maris, ku sake gwajin a watan Agusta. Za ku tarar cikin bazara bambancin mai yawa ne, cikin damina kuwa kaɗan. Iskar bazara busasshiya ce, tana jin ƙishirwa, tana shan ruwa da sauri. Iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin ƙari. Matan gida sun san wannan tun ba a faɗa musu ba, gama sun san lokacin da shanya ke bushewa kafin a gama wanki, da lokacin da ta ke kwana biyu a kan igiya.

Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ɗan gidan magina tukwane ne, ya ɗauki wannan sani da kowa ke da shi ya yi aiki da shi cikin shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya zuba kayan lambu a tukunyar ciki, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. An ba da labari cewa yalo da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyafo kuwa da ba ya wuce kwana guda ya kai kwana 12. Ya rarraba tukwanen a ƙauyuka, a shekara ta 2000 aka ba shi kyautar Rolex sabo da wannan aiki. 'Ya'yanka suna iya gina irinta da kasko biyu na yumɓu. Su raba tumatir shida gida biyu, uku a ciki, uku a kan faifai a inuwa guda, su jiƙa yashin safe da yamma, su riƙa duba wanda zai fara ruɓewa. Sai dai ka gargaɗe su, wannan ba firji ba ne. Ba a ajiye nama a ciki, ko maganin da likita ya ce a sa a firji.

Jikinka ma randa ne. Gumi shi ne tsattsafinsa, in ya bushe ya tafi da zafi. In ruwan jiki ya ƙare, ko iska ta tsaya cik ga laima, sai zafi ya taru a ciki, daga nan mutum ya fara jiri, ya ruɗe, ya faɗi. Ba wasa ba ne. Ran 3 ga Afrilu 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mutane da yawa suka mutu a ƙasar cikin kwanakin nan, da yawansu tsofaffi. Yaron da ya yi gwajin kwalba ya san abin yi in ya tarar da kakansa ko ƙanensa zafi ya ka da shi: a kai shi inuwa, a sassauta masa tufa, a jiƙa jikinsa, a yi ta fifita, in yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa kaɗan kaɗan, a gaggauta kai shi asibiti. Jiƙawa da fifita tare, ba ɗaya kaɗai ba.

To, ina ruwan nan da ya shiga iska ya ke zuwa? Kafin a amsa, sai yaro ya san halin iska. Ka ɗaura balan-balan a bakin kwalba wadda ba kome cikinta, ka tsai da ita cikin ruwan zafi. Balan-balan ya miƙe ya fara kumbura. Ka mai da ita cikin ruwan sanyi, ya kwanta. Ba ka hura kome ba. Iska in ta ji zafi ta kan buɗe, ta yi sauƙin nauyi, ta hau sama, mai sanyi ta zo ta maye wurinta. Wannan zuwa da ta ke yi shi mu ke ji yana kaɗa mu. Sa'an nan ku ajiye kwano biyu a rana, ɗaya da yashi, ɗaya da ruwa. Da azahar yashi ya yi zafi ƙwarai, ruwa bai kai shi ba. Da dare yashi ya huce, ruwa yana da sauran ɗumi. Ruwa yana bukatar zafi wajen ninki biyar na busasshen yashi mai nauyinsa kafin su yi ɗumi daidai. Abin da ya faru a kwano biyu shi ke faruwa tsakanin Hamadar Sahara da Tekun Atilantika. Cikin bazara ƙasar arewa ta gasu, iskar da ke kanta ta tashi, sai iska mai laima ta taso daga teku ta kudu maso yamma ta shigo. Damina ke nan. In rana ta karkata kudu sai abin ya juya, busasshiyar iska ta sauko daga arewa maso gabas da ƙura, mu ce hunturu ya kama.

Ruwan sama kuwa kuna iya yinsa a cikin roba. Ku zuba ruwa kaɗan a faffaɗar roba, ku narka gishiri ciki har ya yi ɗaci. Ku tsai da ƙaramin kofi a tsakiya, ba kome cikinsa. Ku rufe bakin robar da farar leda, ku ɗaure tam, ku aza tsakuwa a kan ledar daidai bisa kofin, ku bar ta a rana. Da la'asar za ku ga ɗigo ya taru a cikin ledar, yana gangarowa wajen tsakuwar yana ɗiga a kofi. Yaro ya ɗanɗana. Ba gishiri ko kaɗan. Tururi ya tashi ya bar gishiri a ƙasa, ya taɓa leda wadda ta fi shi sanyi, ya koma ruwa. Shi ya sa ruwan sama ke da daɗi, ko da ya ke yawancinsa daga teku mai gishiri ya taso. A sararin sama ba leda, sanyi ne ke yin aikin. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi ya kan ragu da wajen digiri 6, don haka Jos, wadda ke bisa tudu mai tsawon mita 1,200 da wani abu, ta fi Kano sanyi. Iska mai laima in ta hau ta huce, tururinta ya zama ƙananan ɗigo, su ne girgije. Raɓar safiya da gumin da ke bayan kwalbar lemo mai sanyi duk abu guda ne.

Ga wani aiki da zai amfani gonarka kai tsaye. Ka nemo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa daidai ya ke da na gindinsa. Ka kafa shi a fili, nesa da itace da indararo, ka tokare shi da duwatsu kada iska ko akuya ta ture shi. Ka ɗora wa yaro guda alhakinsa. Ko wace safiya bayan an yi ruwa ya tsoma rula a tsaye, ya karanta zurfin ruwan da milimita, ya rubuta a littafi tare da kwanan wata, ya zubar. Lambar za ta zama ƙarama a idonsa, sai ka nuna masa girmanta. Milimita 1 daidai ya ke da lita guda a kan ko wane fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Watau in ya auna milimita 10, gona mai hekta guda ta sha lita 100,000, jarka 4,000 ke nan ta lita 25. Amfaninsa yana bayyana a farkon damina. Kowa ya san ruwan farko mai yaudara, wanda ya zo da iska da tsawa, mutane su fita da iri, sa'an nan sama ta ɗauke kwana goma sha biyar, shuka ta ƙone, a koma neman bashin iri. Hadari mai ƙara ba lalle ne ya zub da ruwa mai yawa ba. Masana aikin gona na ƙasashen Sahel su kan ɗauki damina ta sauka in an sami wajen milimita 20 cikin kwana uku a jere, ba a kuma yi dogon fari a bayansa ba. Gwangwani ba zai faɗa maka abin da zai zo gobe ba, amma zai faɗa maka gaskiyar abin da ya sauka jiya. In yaro ya riƙe littafin nan shekara biyar, gidanka yana da abin da kakanninmu ba su taɓa samu a rubuce ba.

Ruwan da ya sauka, wani ya shiga ƙasa, wani ya gudu da ita. Ku cika tire biyu da ƙasar gona, ku jingina su a karkace daidai da juna. Ɗaya ku bar shi tsirara, ɗaya ku rufe shi da karmami da busasshen ganye. Ku huda gindin gwangwani da ƙusa ya zama kamar rariya, ku yi wa ko wanne ruwan sama da shi, ku tari abin da ke gangarowa a kofi. Kofin tsiraran zai cika da sauri da jan ruwa, in ya kwanta ku ga laka a gindi. Ka ce wa yaro, lakar nan ita ce ƙarfin gona, ita a ke sayen taki don a mayar. Sa'an nan ku ɗaura leda a kan reshen darbejiya mai ganye, ku ɗaura wata a kan busasshen kara. Kafin yamma ta ganyen ta yi gumi, ta karan a bushe. Itace yana jawo ruwa daga can ƙasa yana sakinsa ta ganye, watau shi ma randa ne mai rai. Shi ya sa inuwar itace ta fi ta rumfar kwano daɗi.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi wannan gwaji a kan gonaki na gaske. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasarsu ta zama fili, iska tana binne shuka da yashi. Sai suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututturan itatuwan da aka sare, suna rage rassa su bar biyu ko uku masu ƙarfi su girma. Wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yaɗa wannan dabara a yankin Maraɗi tun daga 1983. Daga baya masu bincike suka kimanta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan fili wajen hekta miliyan 5. Gawo yana cikin waɗanda suka fi so, gama shi ya kan zub da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana.

Akwai gwaji biyu da ba na so yaro ya yi shi kaɗai, amma ina so ƙwarai ya gani. Na farko, ka kunna guntun kyandir biyu, ka kife kwalba mai faɗin baki a kan ɗaya. Cikin ɗan lokaci wutarsa ta yi ƙasa ta mutu, ɗayan yana ci. Wuta tana cin wani sashi na iska, shi ne kuma wanda mu ke shaƙa mu rayu. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka toshe, ya kan fid da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Ta kan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sa'an nan barci, mutum ba ya farkawa. Hayaƙin janareto ma haka. Sabo da haka cikin hunturu ba a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki, janareto kuwa wurinsa waje, nesa da taga.

Na biyu, ku zuba ruwa a kofi biyu ku ajiye a rana, ku kife babbar kwalba ko farar roba mai nuna ciki a kan ɗaya. Wanda aka rufe zai fi zafi, domin haske ya shiga, iskar da ta ɗumama kuwa ba ta sami hanyar fita ba. Mota mai rufaffen gilashi haka ta ke. Zafin cikinta yana iya ƙaruwa da wajen digiri 10 cikin minti goma, jikin ƙaramin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Ba a barin yaro a ciki ko don a shiga kanti a fito, motar da aka ajiye a ƙofar gida kuma a kulle ta, kada yara su shiga wasan ɓuya.

Da kwalabe irin waɗannan wata mace a Amurka, Eunice Foote, ta gano wani babban abu a 1856. Ta sa ma'aunin zafi a cikin kwalabe biyu, ta cika su da iska iri dabam dabam, ta ajiye a rana. Ta tarar iska mai laima ta fi busasshiya ɗaukar zafi, wadda kuwa ta fi duka ita ce iskar nan da a ke kira kabon dayoksaid, wadda ke fita in an ƙone itace ko gawayi ko fetur. Ta kuma fi jimawa kafin ta huce. Matar nan ta ce in iskar ta yi yawa a sararin duniya, duniya za ta ƙara zafi. Aikin iskar ba daidai ya ke da na murfin kwalba ba, ita tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama ta ke yi, kamar bargo. Kafin zamanin injuna, cikin ko wane kashi miliyan na iska wajen kashi 280 ne nata. A 2024 ya wuce 420, shekarar nan kuma ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi wajen 1850.

In ka sami ma'aunin bango, rataye shi a inuwa inda iska ke wucewa, daidai tsayin ƙirjinka, kada ya jingina da kwano ko bangon da rana ke duka. Yaron da ke riƙe da littafin ruwan sama ya ja wani layi a gefen shafi, ya riƙa rubuta zafi sau biyu a yini, da fitowar rana da kuma ƙarfe uku na yamma, gama a nan ne zafi ya kan kai matuƙa, ba da tsakar rana ba. In ya tambaye ka dalilin wannan jinkiri, mai da shi ga kwanon yashi, ya riƙa taɓa shi ko wace awa tun daga hantsi har la'asar.